Sabon Celo a Kan Ƙirar Tsoffin Italiya: Me Kake Saya a Zahiri?

Tambaya: Wani ɗalibin kiɗa da ke karatu a Turai ya rubuto cewa celon da ya fara koyo da shi ya yi masa kaɗan, malaminsa kuma ya ce lokaci ya yi da zai nemi na aikin hannu. Duk shagon da ya leƙa sai ya ga an rubuta "ƙirar Stradivari", ko "ƙirar Montagnana", ko "ƙirar Goffriller". Yana son sanin bambancinsu, da ko sabon da aka kwaikwaya zai ba da muryar tsohon, da kuma wanda ya kamata ya zaɓa.

Amsa:

Ɗan'uwa, sunan da ka gani a jikin takardar, na wani tsohon masassaƙin Italiya, yana gaya maka siffar gangar jikin celon ne: tsawonsa, faɗinsa, yanayin ƙugunsa, da inda aka yanka tsagogin nan biyu da sauti ke fita ta cikinsu. Muryarsa kuwa tana hannun wanda ya sassaƙa shi bana ko bara, da icen da ya zaɓa, da wanda ya daidaita masa jaki, wato ɗan icen da tsirkiya ke hawa a kansa, da ɗan ginshiƙin da ke tsaye a cikinsa tsakanin allon gaba da na baya. Duk da haka siffar tana da nata tasirin, a kunne da kuma a jikin mai gogawa, don haka ya dace ka san inda kowace ta samo asali.

Ga mai karatun da bai saba da shi ba, celo shi ne babban ɗan'uwan bayolin, mai tsirkiya huɗu, wanda ake zama a riƙe tsakanin gwiwoyi ana goga shi da bakan izga.

Dalilin da ya sa ƙirar celo ta rarrabu fiye da ta bayolin yana cikin tsirkiya. A zamanin Andrea Amati, masassaƙin birnin Kiremona a Italiya, wanda ya rasu a 1577, tsirkiya ta hanjin tumaki ce zalla. Kafin hanji ya ba da amo mai kauri sosai dole ya yi tsawo kuma ya yi kauri, shi ya sa celon farko ya zama ƙato. Wajen shekarun 1660 aka fara naɗe tsirkiyar hanji da siririyar wayar azurfa, a yankin Bolonya, sai tsirkiya ta ƙara nauyi ba tare da ta ƙara tsawo ba. Daga nan hanya ta buɗe ta rage girman celo domin yatsu su iya gudu a kansa. Sai dai babu wanda ya zauna ya yanke wa kowa ma'auni ɗaya. Kowane gari da kowane masassaƙi ya nemi tasa mafitar, aka shafe fiye da shekara hamsin ana lalube. Ƙire-ƙiren da ake sayar maka yau amsoshi ne daban-daban ga wannan matsala guda.

Antonio Stradivari, wanda ya rasu a 1737, shi ma da manya ya fara. Wanda ake kira "Medici" na 1690 da "Servais" na 1701, wanda ke gidan tarihi na Smithsonian a Washinton, tsawon gangar jikinsu ya kai wajen santimita 79. Daga 1707 ya koma ga wani sabon ma'auni da ake kira "forma B", tsawonsa bai cika santimita 76 ba, kafaɗa da ƙugu a tsuke daidai wa daida. Kimanin ashirin ne suka rage a duniya daga wannan ma'aunin, cikinsu akwai "Duport" na 1711 da makaɗin Rasha Mstislav Rostropovich ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa, da "Davidov" na 1712. Wannan ita ce ƙirar da ta zama ma'aunin kowa. Celon da ka koya da shi ma, ko da daga masana'anta ya fito, kusan tabbas jikanta ne.

Halin forma B, idan ta samu hannu mai kyau, murya ce tattararriya mai tsabta, wadda ke ratsa babban zaure ba tare da ta yi hargagi ba. Amma tana da sharaɗi. Tana son saurin baka fiye da danna baka. Makaɗiyar Ingila Jacqueline du Pré ta riƙe "Davidov" ɗin nan, ita kuwa mai gogawa ce da dukkan ƙarfinta, sai ya zamana ba sa jituwa koyaushe. Daga 1970 ta koma ga sabon celo da Sergio Peresson ya sassaƙa mata a Filadelfiya. Shahararren makaɗi Yo-Yo Ma, wanda "Davidov" ya koma hannunsa daga baya, ya bayyana cewa lallashi celon yake so, kana matsa masa yana janyewa. Ka lura da abu biyu a wannan labarin: celo mafi daraja a duniya na iya ƙin dacewa da hannun gwani, kuma gwanar ta samu biyan buƙata a wurin sabon ice da mutum mai rai ya sassaƙa.

Domenico Montagnana na birnin Benis, wanda ya rayu daga 1686 zuwa 1750, ya bi wata hanyar. Ya rage tsawo zuwa wajen santimita 74, ya bar faɗi. Celonsa gajere ne mai ƙiba, ƙugunsa da faɗi, kafaɗunsa a buɗe. Faɗin nan yana ba allon gaba fili, kuma a nan ne tsirkiyoyin ƙasa biyu ke samun kaurin da ya sa masu kiɗan kaɗaici suke ƙaunarsa. Yana jure nauyin hannu, kana danna shi yana ƙara ba ka. Yo-Yo Ma yana da na 1733, Mischa Maisky ya daɗe da na 1720, Heinrich Schiff kuma ya riƙe na 1739 da ake kira "Sleeping Beauty", wanda yana cikin waɗanda masassaƙan yau suka fi kwaikwaya. To amma faɗin yana da farashinsa. Idan hannunka gajere ne, kafaɗar celon za ta riƙa tare ka duk sa'ad da hannun hagu zai gangara sama da wuya. Faɗin ƙugu kan sa baka ya riƙa taɓa gefe idan ba a ɗaga jaki yadda ya kamata ba. Kuma ba kowane akwati yake shiga ba, abin da mutane kan gano bayan sun riga sun biya.

Matteo Goffriller, wanda ya zo Benis daga yankin Tirol a 1685 ya kuma rasu a 1742, shi ne uban sana'ar a wannan birni. Shahararren makaɗi Pablo Casals ya yi kusan shekara sittin da nasa, wanda aka daɗe ana zaton aikin Carlo Bergonzi, wani masassaƙin Kiremona, ne. János Starker ma Goffriller ya riƙe. A nan sai ka yi hattara da sunan, domin Goffriller bai tsaya kan ma'auni ɗaya ba, kuma yawancin manyan celonsa an yanke su an rage a ƙarni na 18 da na 19, kamar yadda aka yi wa shahararren celon Andrea Amati da ake kira "The King". Saboda haka "ƙirar Goffriller" ba ta nufin abu ɗaya a bakin masassaƙa biyu. Ka tambayi mai shi wane Goffriller ya bi, na wace shekara, yankakke ko wanda ba a taɓa ba. Wanda ya san aikinsa zai amsa maka nan take, har ya ɗauko maka zane.

Akwai kuma ƙanana, irin na Giovanni Battista Guadagnini da ke wajen santimita 71, da na Francesco Rugeri. Ga mai ƙaramin jiki waɗannan rahama ce, kuma ba sa rasa murya.

Duk halayen nan da na zana inda kowace ƙira ta fi karkata ne. Na ji ƙirar Montagnana mai siririyar murya, na ji ƙirar Stradivari mai duhu da kauri. Kada ka sayi suna da tsammanin hali zai biyo shi dole.

Yanzu ga tambayarka ta biyu, wadda ta fi muhimmanci. Ka fara sanin cewa tsohon celon da kake ji a faifai ba haka ya fito daga shagon mai shi ba. A ƙarni na 19 zaurukan kiɗa suka ƙara girma, ƙungiyoyin makaɗa suka ƙara yawa, aka bukaci ƙara. Sai magyara a Faransa da Ingila da sauran wurare suka cire wuyan asali suka dasa mai tsawo da ya fi kwantawa baya, suka ƙara tsawon allon yatsu, suka ɗaga jaki, suka sauya sandar tallafin da ke manne a ƙarƙashin allon gaba da wadda ta fi ƙarfi. Ƙafar ƙarfen da celo ke tsayawa a kanta ma daga baya ta zama ruwan dare, makaɗin Beljiyam Adrien-François Servais yana cikin waɗanda suka yaɗa ta. A ƙarni na 20 tsirkiyar ƙarfe ta maye gurbin hanji a wurin yawancin makaɗa. Ƙara da faci da ɗinkin tsaga na shekara ɗari uku a cikin cikinsu. Muryar da kake kira ta Montagnana haɗin gwiwa ce tsakaninsa da magyara da yawa, da masana'antar tsirkiya ta Danmak ko Ostiriya, da kuma gwanin da ke riƙe da baka. Wannan na ƙarshen shi ne kaso mafi girma.

Masassaƙin yau yana da abin dubawa fiye da duk waɗanda suka gabace shi. Allunan ma'auni da zane-zane da kayan aikin Stradivari sun tsira: Count Cozio di Salabue ya saye su daga ɗansa Paolo a shekarun 1770, Giuseppe Fiorini ya saye su a 1920 ya kuma ba birnin Kiremona kyauta a 1930, yanzu suna Museo del Violino da aka buɗe a 2013. Ana saka tsoffin kayan kiɗa a na'urar hoton asibiti mai leƙa ciki, a fitar da kaurin kowane lungu. Amma wanda ya kwafi lambobin nan ɗaya bayan ɗaya zai sha mamaki, domin icen da ke gabansa ba shi ne icen Montagnana ba. Wani allon yana da nauyi, wani sakayau ne, wani yana da tauri a tsaye amma da laushi a kwance. Milimita huɗu da rabi a wannan ba daidai take da milimita huɗu da rabi a wancan ba. Shi ya sa za ka ga gwani yana kankara kaɗan, ya ɗaga allon ya lanƙwasa shi da hannu, ya ƙwanƙwasa ya saurara, ya aza a sikeli, ya sake kankara. Sannan doron tsoffin allunan ya riga ya karkace saboda matsin tsirkiya na ƙarnuka, wani gefen ya lotsa, wani ya kumbura. Dole mai kwaikwayo ya yanke shawara: ya bi karkacewar, ko ya ƙiyasta yadda doron yake ranar da aka gama shi? Kamar aska takwas ce a babbar riga. Zanen ɗaya ne a ko'ina, amma ka ba maɗinka biyu, mai ido zai gane hannun kowannensu daga nesa.

Kwaikwayon ma tsohuwar al'ada ce mai daraja. Jean-Baptiste Vuillaume na Faris, wanda ya rasu a 1875, a kan kwaikwayon Stradivari da Guarneri, wani gwanin Kiremona, ya gina sunansa, yau kuma kayansa suna da tsada ƙwarai.

Batun ice bai sauya sosai ba. Allon gaba daga icen sifurus ne na tsaunukan Alfis, wanda sanyi ke sa shi girma a hankali. Kwarin Fiemme a arewacin Italiya ya yi suna a kansa, ko da yake guguwar Vaia ta watan Oktoban 2018 ta kayar da miliyoyin itatuwa a yankin. Baya da gefuna da wuya galibi icen meful ne, mafi shahara na Bosniya da maƙwabtanta. Idan ka ga celo mai bayan icen fofula ko wilo, maras zanen harshen wuta mai ɗaukar ido, kada ka raina shi. Tsoffin Italiya sun yi amfani da su sosai a celo, har da Stradivari, kuma sukan ba da murya mai ɗumi da saurin amsawa. Allon yatsu baƙin ice ne dangin kanya, kuma mai yawa daga cikinsa daga dazukan Kamaru yake fitowa.

Za ka ji ana maganar sirrin da ya ɓace. Wasu sun ce a banish yake, wato man da ake shafa wa icen ya bushe da sheƙi, wasu sun ce sanyin da Turai ta sha tsakanin 1645 da 1715 ne ya ba itatuwa wani tauri na daban, wasu sun ce magungunan da aka jiƙa icen da su ne. Binciken da Jean-Philippe Échard da abokansa suka fitar a 2009 a kan kayan Stradivari da ke gidan tarihin kiɗa na Faris ya samu mai da ƙaro da launukan da masu zane na zamanin suka saba da su, babu wani abin al'ajabi. Gwajin rufe ido kuma ya fi kusa da tambayarka. A Indiyanafolis a 2010, masu bincike Claudia Fritz da Joseph Curtin sun ba makaɗa 21 bayolin shida, uku tsoffin Italiya uku sababbi, ba tare da sun ga wanne ne wanne ba. Da aka ce kowa ya zaɓi wanda zai tafi da shi gida, 13 suka ɗauki sabo. A 2012 aka maimaita a Faris da manyan makaɗa goma da bayolin goma sha biyu, shida daga cikin makaɗan suka zaɓi sabo, kuma ba su iya bambance tsoho da sabo fiye da mai canki-canka ba. A kan bayolin aka yi gwajin, amma gininsu da na celo ɗaya ne, kuma abin da nake ji a celo bai saɓa masa ba. Ba na cewa tsoffin ba su da kyau. Mafi kyawunsu abin girmamawa ne, kuma daga gare su kowa ya koya. Abin da nake cewa shi ne sabon celo daga hannun gwani ba ya zama a layin baya.

Sai dai "aikin hannu" ma magana ce mai faɗi. Akwai celon da mutum ɗaya ya yi tun daga zaɓen ice har shafa banish, ya sa sunansa a ciki. Wannan kan ci wata biyu zuwa uku kafin a zo ga banish da shanya, farashinsa kuma daga dala dubu ashirin da wani abu yake tashi, ya wuce dubu hamsin ga waɗanda suka yi suna. Akwai na shagon haɗaka, inda wani ke sassaƙa kai, wani allo, wani banish, ƙarƙashin idon maigida. Irin wannan ana yin sa da yawa a Sin, da garin Reghin na Romaniya, da Jamus, kuma na kirki a cikinsu sun ishi ɗalibi shekaru masu yawa a kan kaso kaɗan na wancan kuɗin. Sannan akwai wanda aka sayo gangar jikinsa fara daga wata ƙasa, aka kankare shi kaɗan, aka shafa banish, aka manna masa takarda mai sunan Italiya. Na biyun ba shi da aibi muddin an faɗa maka gaskiya. Na ukun ne nake jan kunnenka a kai, domin kuɗin na farko ake karɓa a kansa. Ƙungiyar masassaƙan Kiremona, wadda aka kafa a 1996, tana da tambarin shaida mai suna Cremona Liuteria saboda wannan matsalar. UNESCO ta sa sana'ar birnin cikin gadon al'adun duniya a 2012, makarantarsa kuma tun 1938 take yaye ɗalibai. Amma adireshin Kiremona kaɗai ba shaidar inganci ba ne. Akwai gwanaye da suka fito daga makarantun Mittenwald a Jamus, da Mirecourt a Faransa, da Newark a Ingila, da Shikago, kuma masassaƙan Sin suna cin lambobin zinariya a manyan gasanni.

Game da tsufantar da banish, wato a goge shi a wasu wurare a yi masa tabo don ya yi kama da ɗan shekara ɗari uku: ba ya ƙara komai a murya. Wasu makaɗan suna son sa don ba sa fargabar tabon farko, kuma idan gwani ya yi shi yana da kyan gani. Ni dai na fi son banish cikakke wanda zai tsufa a hannunka. Abin da ba na yarda da shi shi ne a fake da tsufantarwa a ɓoye ƙazamin aiki. Dubi naɗin kai, da kusurwoyi, da siririn layin da ke zagaye bakin allo. A nan hannu ke tona kansa.

Wajen zaɓe, fara da jikinka. Zauna da celon minti ashirin, ka hau sama da wuya ka sauko, ka ji ko kafaɗarka ta dama tana ɗagawa, ko gwiwoyinka sun buɗe fiye da kima. Tsawon tsirkiya daga kai zuwa jaki yawanci wajen santimita 69 ne, kuma bambancin santimita ɗaya ma yatsunka za su ji shi. Bayan nan ka nemi a ba ka shi aro na mako ɗaya ko biyu, abin da masassaƙa da shagunan kirki suka saba yi. Yi amfani da bakanka na kullum. Kai shi babban zaure, ka sa malaminka ya goga kai kana can baya ba ka kallo, domin abin da ke ƙarƙashin kunnenka daban yake da abin da ke isa kujerar ƙarshe. Gwada shi a hankali ƙwarai kafin ka gwada shi da ƙarfi: celon da ke amsawa da ɗan taɓi ya fi wuyar samu fiye da mai ƙara. Za ka tarar da wani amo mai karkarwa da ake kira kyarkeci, galibi wajen amon da ake kira F ko F mai kaifi, musamman a tsirkiyar G. Kusan kowane celo mai kyau yana da shi, kuma ana lallashinsa da ɗan nauyi da ake maƙalawa a tsirkiya ƙasa da jaki ko a jikin allo.

Kafin ka ƙi wani celo da ya kusa kwanta maka, ka nemi a taɓa saitinsa. Matsar da ɗan ginshiƙin ciki da milimita ɗaya na iya buɗe murya ko rufe ta. Jakin Beljiyam mai dogayen ƙafafu yakan ƙara haske da kaifi, na Faransa yakan ƙara ɗumi. Makaɗa da yawa suna haɗa samfurin Larsen a tsirkiyoyin sama da samfurin Spirocore a na ƙasa, amma wannan mafari ne kawai, kowane celo da abin da yake so. A nan ne fa'idar masassaƙi mai rai take. Sabon celo yana motsi a shekararsa ta farko, wuya kan ɗan sauka, ginshiƙi kan bukaci sabo, kuma wanda ya yi shi ne ya fi kowa sanin abin da zai taɓa. Ka tambaye shi tun kafin ciniki ko gyaran shekarar farko yana cikin kuɗin, ka kuma karɓi takardar shaida mai hoto da ma'auni da sa hannunsa.

Idan kana da niyyar zuwa da shi gida hutu, ka yi lissafin hunturu. Celo yana son danshin iska tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, iskar hunturu kuwa takan faɗi ƙasa da kashi 20. Allon gaba mai faɗi, irin na Montagnana, ya fi tsukewa, kuma a nan tsaga ke farawa. Da gam ɗin fata ake haɗa celo da gangan, domin idan ice ya ja, gaɓa ta buɗe maimakon allo ya tsage, buɗaɗɗiyar gaɓa kuwa gyaranta mai sauƙi ne. Kada ka bari kowa ya sa masa farin gam na kafinta. Ka ajiye shi cikin akwatinsa a rufe tare da abin sa danshi da ƙaramin ma'aunin laima, nesa da taga da rana, ka kuma gaya wa masassaƙin tun farko irin yanayin da celon zai shiga don ya san yadda zai yanka masa ginshiƙi.